Akwatin da Ya Ƙi Ba Mu Wuta

A shekarata ta uku a Kuala Lumpur, lokacin da rubutun digirina ya cije a babi na huɗu, ni da maƙwabcina muka haɗa hannu muka sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki. Shi mutumin Gombe ne, yana digiri na uku a fannin lantarki, kuma kowa a benenmu na Sri Petaling Injiniya yake ce masa, har matarsa. Ni kuwa koyarwa nake karanta, abin da na sani game da wuta bai wuce an kawo an ɗauke ba. Motar ta wani dattijo ce ɗan Malay da ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi. A cikinta akwai gado, da ƙaramin firji, da fanka biyu, da wata doguwar waya da ake jonawa a jikin sandar wuta idan an je sansanin hutu.

Ni da iyalina muka fara fita da ita, zuwa wani sansani a bakin rafi wajen Hulu Langat. Komai lafiya har la'asar, lokacin da hadarin garin nan ya saba tasowa ba sallama. Aka saki wata tsawa, ƙwan motar ya yi haske kamar zai fashe, sai tukunyar shinkafa ta lantarki ta ce ƙas, ƙauri ya cika ɗakin. Matata ta tashi ta zare wayarta. Ta dai rungume tukunyar a cinyarta tun daga can har gida, kamar mai rakiyar mara lafiya asibiti. Sai da muka hau bene ta shaida mini cewa ita da motar nan sai dai kallo, har ranar da na samo abin da zai tsaya tsakanin tukwanenta da sandar mutane.

Ni a wurina maganar mai sauƙi ce, sitabilaiza za a saya. Da ita na tashi a gidanmu na Kano, wata ƙatuwa a ƙarƙashin talabijin, tana ƙat-ƙat duk yini kamar mai jan carbi. Da na faɗa wa yayana a waya, nan take ya ce akwai tsohuwar a ɗakin ajiya, zai ba wani ɗalibi mai dawowa ya taho mini da ita. Na tuna nauyinta ya kai na ɗan rago, na tausaya wa ɗalibin da ban sani ba, na ce ya bari tukuna.

Injiniya ya yi mini dariya a mamak, wato shagon shayin da ke ƙasan benenmu, sannan ya jawo takardar goge hannu ya fara zane. Ya ce sitabilaiza aikinta wutar da ke hawa da sauka a hankali, amma abin da ya kashe tukunya bugu ne na ƙiftawar ido. Akwai soket mai 'yar jar fitila da ake sayarwa a kowane kanti, wannan bugu ɗaya yake tarewa ya mutu, kuma ba lallai ya sanar da kai ya mutu ba. Abin da muke so akwati ne da ake sawa tsakanin sanda da mota, wanda ruwa ba ya shigarsa, kuma ƙarfinsa ya yi daidai da wayar motar. Mafi kyawunsu har sandar yake bincika kafin ya bar wuta ta wuce, ko an juya wayoyi, ko babu ta ƙasa, ko wutar ta yi rauni. Na ce wato maigadi mai tambayar takardar shaida. Ya ce bai so misalin ba, amma haka ne. Ya yi bayani har shayinsa ya huce, na shanye nawa na ci rabin gurasarsa ta roti.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa unguwar Chow Kit. Bayan kasuwar kifi akwai wani kedai, wato shago, na kayan wuta, mai shi wani tsoho ɗan Sin da kowa ke kira Ankul. Duk abin da muka ɗaga muka tambaya, amsarsa ɗaya ce, boleh, wato zai yi. Zai kare firji? Boleh. Tsawa fa? Boleh. Don in gwada shi na ɗaga wani ɗan soket na tambaya ko yana dafa shinkafa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Boleh lah, in kana da haƙuri." Da Injiniya ya fara jero masa lambobi yana buga kanta da yatsa, sai tsohon ya gane ba yawon buɗe ido muka zo ba. Ya shiga ciki ya fito da wani akwati ruwan ɗorawa, girman burodi, mai ɗan gilashi a gaba da kunnen sa kwaɗo don kada a yi gaba da shi. Injiniya ya juya shi gaba da baya ya ce shi ne. Takardar bayanin da ke ciki kuwa ya cusa ta a leda bai ko buɗe ba.

"Malam, irinmu ne muke rubuta waɗannan takardun," in ji shi.

Mako na gaba muka koma sansanin gaba ɗaya, iyalina da nasa, da kaji huɗu a firji. Mun isa da rana tsaka, zafi kamar an kifa tukunya. Injiniya ya jona akwatin a sanda, ya jona mota a akwatin, muka ja da baya. Gilashin ya kawo haske, wasu lambobi suka fito suna canzawa, amma fanka ko motsi. Na ɗan jira, sannan na yi abin da duk wanda ya tashi a garinmu zai yi, na zare na sake sokawa. Shiru. Injiniya ya ɗauko mitarsa ya auna sandar ya ce lafiyarta ƙalau. Ya zare akwatin, ya hura bakinsa, ya ɗan bubbuga shi a tafin hannu, ya mayar. Muka tsura masa ido na ɗan lokaci, sai na ce ko dai bai shiga da kyau ba, na sake zarewa.

Matata ta leƙo ta taga ta fara magana, na ce mata ta bari, Injiniya yana aiki.

Mai sansanin, wani Pak Cik, wato dattijon Malay, mai fara'a ɗaure da zane, ya zo ya ga abin da ake ciki. Shi ma ya zare ya soka sau biyu, sannan ya ce mu gwada wata sandar. Muka tayar da mota muka matsa. Daga nan muka sake matsawa. A sanda ta uku har da bisimilla na soka, na ƙara da wata addu'a da ban tabbata ta wurin ba ce. Zuwa lokacin rigar Injiniya ta jiƙe sharkaf, ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar mana. Ya kira Ankul a waya ya zazzage masa bayani da Turanci mai zafi. Ina jin muryar tsohon daga nesa yana cewa boleh, boleh. Kaji kuwa sun fara zubar da ruwa a ƙasan firji.

Aka kira azahar a ɗan masallacin sansanin. Matata ta fito har inda muke, ta ce mu soka shi mu bar shi haka, mu je mu yi salla, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Yadda ta faɗa ɗin bai bar wurin musu ba. Muka tafi muna ƙunƙuni, Injiniya yana lissafa mini abin da zai gaya wa Ankul ranar Litinin.

Da muka dawo, tun daga nesa na hango labulen taga yana kaɗawa. Fanka biyu suna juyi, firji yana gurnani, matan sun miƙe ƙafa suna cin gyaɗa. Injiniya bai ɓata lokaci ba ya fara bayanin cewa wani abu ne a ciki ya ɗumama, daman ya yi zargin haka. Matata ta bari ya kai aya, sannan ta zaro takardar nan daga jakarta, ta warware ta a kan cinya.

"Baban yara, ga shi nan a shafin farko. In an jona shi yana jira minti biyu da 'yan kai yana duba sandar. In aka zare, sai ya koma ƙirga daga farko. Lambobin da kuke kallo, ƙirgen ne."

Ashe a ledar da muka kawo ta tsince ta, ta karanta tun a gida. Awa ɗaya da rabi, maza uku, ba mu taɓa barin akwatin ya cika minti biyunsa ba. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta fara, aka ce mata Injiniya yana aiki. Injiniya ya karɓi takardar ya koma gindin wata bishiya, ya karanta ta tun daga bango har bango, har da ɓangaren yaren Malay da ba ya ji.

Da yamma sai akwatin ya tsiro da sabon hali, ya riƙa yanke wuta haka kawai. Wannan karon ba wanda ya taɓa shi. Injiniya ya duba gilashi ya duba takarda, ya ce wuta ce ke yin ƙasa. Muka lura duk lokacin da wani iyali 'yan Malay da muke sanda ɗaya da su suka kunna abin gashinsu na lantarki da buta, sai wutarmu ta ɗauke. Aka tura ni in yi musu magana, tunda an ce na fi iya yaren. Abin da na iya kuwa bai wuce makan, wato cin abinci, da boleh ba. Na je na nuna abin gashin, na nuna motarmu, na ce makan, na ce boleh. Maigidan ya washe baki, ya cika mini faranti da gasasshen kifi da yaji. Na dawo da shi wurin mutanenmu. Aka cinye, aka sake tura ni in gyara bayani, na dawo da kaza a tsinke.

A ƙarshe dai muka kwashi kujerunmu da kajinmu muka koma wurinsu, aka gasa tare, motarmu tana can ba wuta ba kowa. Matata ta koya wa matar gidan haɗa yajin ƙuli, ita kuma ta rubuta mata sunan wani ganye da har yau ba mu samo shi ba.

A hanyar dawowa Injiniya yana tuƙi, ya rage murya ya roƙe ni kada maganar nan ta kai sashensu na makaranta, ko masallacin da 'yan gida ke haɗuwa. Na yi masa alkawari, kuma na riƙe shi har ranar Juma'a.