Tarin da na ɗora wa ɓerayen Masar

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo kuna tambayar ina Madam Rabi ta shiga, ga ni. Tun damina ban rubuta komai a nan ba. Ba fushi na yi ba, numfashi ne ya gagare ni.

Wanda ya san gidana a Mayahi ya san ina kiwon ɓerayen Masar. Madam Hadiza, wadda muke koyarwa a lakwal ɗaya, ita ta ba ni guda biyu bara, suka hayayyafa. Kowace safiya ni ke kakkaɓe musu harawa da hannuna, a ɗan ɗakin da ke bayan madafa.

Da busasshen tari ya fara. Sai zazzaɓi da yamma. Daga baya in na tsaya gaban allo ina bayani, sai na dafa tebur kafin in ƙarasa magana.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ce ba zazzaɓin sauro ba ne. Aka karɓi kakina aka auna tarin fuka, har sau biyu, babu. Duk da haka maƙwabta suka daina shan ruwa a gidana.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga ƙauyen Sarkin Hausa ta zo jinya. Ta leƙa ɗakin ɓerayen, ta dawo ta zauna gabana.

"Rabi, wa ya ba ki waɗannan?"

"Hadiza."

"Wadda kuke neman kujerar darakta tare? Ɗiyata, wane irin masoyi ne ke ba mutum kyautar ɓera?"

Na yi dariya ranar. Amma da Inna ta tafi da ni ƙauye, cikin mako guda na samu sauƙi, har ina daka. Na dawo gida, kafin in kwana biyu tarin ya dawo fiye da na farko. Haka ta sake faruwa da aka kwantar da ni a asibiti: a can lafiya, a gida ciwo.

Daga nan dariya ta ƙare. Na fara kallon bangon gidana da wani ido. Inna ta sa aka tone bakin ƙofa, ba a ga komai ba. In Hadiza ta kawo mini fura, sai na jira ta fita in zubar. In ta tambaye ni, "Yaya ɓerayen?" sai in kauda zancen.

Su ma ɓerayen sun canza. Da, suna jin takuna suke fara tsuwa. Yanzu shiru, sun takure a lungu, gashi a tsaye, ido da kwantsa, suna atishawa. Babbar uwarsu ta daina ci, ta mutu. Inna ta ce, "Kin gani? Abin da aka aiko miki ne ya faɗa kanta."

Ranar da leɓena ya yi baƙi, maigidana Sani ya ɗauki shatar mota zuwa Maraɗi. Aka sa mini robar iska a hanci, aka ɗauki hoton ƙirji. Tsakanin kuɗin mota da na farmasi sai da Sani ya sayar da babur ɗinsa. Na ji tsoron mutuwa, ba zan ɓoye muku ba. Har maganin da nas ke miƙo mini sai na juya kwalin na karanta.

Lokotoron da ya duba hoton ya zauna ya ce, "Madam, faɗa mini abin da kike yi tun daga tashi barci." Da na kai kan harawa sai ya tsayar da ni.

"A ina kuke ajiye ta?"

Sani ya ce, "Ɗakin bayan madafa. Yana ɗan yoyo da damina."

"Je ka kwance dami guda, ka duba cikinsa. Amma ka rufe hanci."

Sani ya koma Mayahi ya turo hoto a waya. Daga waje harawar kore ce, cikinta kuwa baƙi ƙirin da fumfuna. Ya ce da ya buga ta, wani farin gari ya tashi. Shi nake shaƙa kullum a rufaffen ɗaki, ni da ɓerayen.

Lokotoro ya ce huhuna ne ya kumbura saboda ƙurar. Ya ba ni ƙwayoyin da suka kumbura mini fuska, ya hana ni taɓa harawa. An ƙone damman duka. Likitan dabbobi ya yi wa sauran ɓerayen magani, aka mai da su rumfa mai iska. Yanzu Sani ke ba su ci. Ni kuma na koma aji, ina gama darasi a tsaye.

Inna har yau ba ta gamsu ba. Ta ce, "To, wa ya aiko fumfunar?"

Na gode wa Allah, na gode wa lokotoro da ma'aikatansa, da Sani, da Inna da ta bar gonarta saboda ni.

Masu kiwo, ku kwance dami ku duba cikinsa kafin ku saya. In yana warin ruma, ku bar shi komai arharsa. Kada ku kakkaɓe harawa a rufaffen ɗaki. Ɓeran Masar da ya daina tsuwa ko ya ƙi ci wuni guda ba shi da lafiya, kada ku jira. In tari ya ƙi jin magani, ku faɗa wa lokotoro aikin da kuke yi da abin da kuke kiwo.

Saura mutum ɗaya. Hadiza ta biyo ni har Maraɗi lokacin robar iska na hancina. Ta tsaya kaina ta ce, "Duk abin da ake faɗa a gari ya zo kunnena, har zancen furar. Ki warke tukuna, sannan mu yi faɗan."

Hadiza, na warke. Ki zo, ina gida.