Keken Yaya Idi Zai Koma Ƙofar Gida

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Idi, har yau kekensa na hannu yana jingine a zaurenmu, tayar baya guda ta sace. Duk wanda ya san karar dabbobi ta Dakoro ya san shi. Shan inna ya shanye mishi ƙafafu tun yana yaye, amma ban taɓa ganin dillalin da ya kai shi baki ba, ni da na yi yawo daga Kotonu har Turai. Yakan ce, "Kai dai yi ta gantali. Ni duniya ke iske ni kowace ranar kasuwa."

Wata shekara na tafi Jamus sayen tsofaffin motoci. Wani abokin sana'a ya kai ni wani tsohon asibiti bisa tudu. Can aka nuna mana ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kamar wurin wanka. Gwamnatinsu ta zamanin yaƙi ce ke aiko motoci da tagogi a shafe da fenti, a kwaso guragu da masu taɓin hankali da masu farfaɗiya, a rufe su ciki, a sakar musu iska mai guba. Likitoci ne ke zaɓe. Wai gyaran iri suke, kuma ciyar da irin waɗannan asara ce. Iyaye sai a ce musu ciwo ne ya yi ajali.

Da na dawo na ba Yaya labari, ya daɗe yana murza hannun kekensa. Can ya ce, "To, da can aka haife ni, wa zai riƙa faɗa maka sanƙonka na ƙaruwa?" Na yi dariyar dole. Sai ya ce, "Gyaran iri ai maganar kara ce. Kuma ko nan, ka taɓa ganin Bafillace ya bar maraƙin da ya karye a daji? A kafaɗa yake ɗauko shi."

Makon nan zancen ya hana ni zama wuri guda. In shiga gida, in fito, in koma. Juma'a mutanen Sabon Maci za su zo neman auren ɗiyata Ramatu. Ƙanwarta Hadiza kuwa, autarmu, ba ta tafiya, maganarta ma sai wanda ya saba. Ƙanena Sale ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, a kai Hadiza Korahane wurin Gwaggo kwana biyu. Kada su ce abin a iri yake."

Ba na haɗa Sale da waɗancan mutane na Jamus, Allah ya kiyaye. Shi ke goya Hadiza zuwa masallacin Idi ranar salla. Tsoronsa ma ba na banza ba ne, mun ga auren da ya watse kan abin da bai kai wannan ba, kuma Ramatu na son yaron nan. Amma kalmar da ya faɗa, ita na ji a ɗakin can. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Ina jin cewa zai yi, "Ni wace Korahane kuka kai ni ranar naka auren?" Don shi ya tarbi surukaina a ƙofa, har ya yi musu cinikin rago.

Na tambayi Ramatu. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, in na ɓoye ta Juma'a, ranar suna ina zan kai ta?"

Yaya bai bar gona ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne ya saba wa garin nan da ganinsa, har aka daina kallon ƙafafun. Jiya na kai keken wurin mai faci. Keken ya yi wa Hadiza girma, mun cusa matashi a bayanta, ta kuma gano inda ƙararrawa take, tun safe ba mu huta ba. Ban san me mutanen Sabon Maci za su yanke ba. Amma ba mai shiga zauren nan Juma'a sai ya gaishe ta.