Kwanon Waken Tsoho

A shagon gyaran takalma na bakin layi kujeru biyu ne. Ta kusa da ƙofa, inda haske yake, ta Tsoho ce. Ta can ciki, ƙarƙashin kantar da ake jibge takalman da masu su suka manta, ta ɗansa ce, wanda kowa ke kira Ƙarami. Ƙarami ya haura sittin da biyar, kansa ya yi fari fat, jikokinsa har sun fara kamo shi a tsayi, amma duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Tsoho, in aiki ya yi maka yawa a ba yaron ya ɗinke min."

Yaron! Kalmar nan ta daɗe tana ci masa rai. Amma ba ita ce ta fi ƙona shi ba. Abin da ya fi ƙona shi lafiyar mahaifinsa ce. Tsoho ya doshi ɗari, yana zura zare a allura ba tabarau, yana tashi daga kujera ba ya dafa komai, kuma da ƙafa yake kai wa mutane takalmansu har gida. Shi kuwa Ƙarami in zai miƙe sai duk layin ya ji nishinsa.

A gindin bencin aikin shagon nan Ƙarami ya tashi, cikin warin gam da fata. Lokacin babu ce ta yi musu katutu, abincin gidan kullum ɗaya: dafaffen wake, ganye, albasa, ɗan busasshen kifi in an dace. Ranar da ya fara riƙe kuɗin kansa ya rantse shi da wake sun yi hannun riga, kuma ya cika rantsuwarsa. Soyayyen nama, farin burodi da bota, shayin da sukari ke kwanciya a gindin kofi, lemon kwalba mai sanyi da rana tsaka. Ya yi tumbi, ya yi wuya, mutane suna cewa hutu ya karɓe shi. Tsoho kuwa ya ci gaba da buɗe ɗan kwanonsa na silba, ya ci rabi, ya rufe sauran sai la'asar. Ƙarami ya sha yi masa dariya a ɓoye.

Sai ga ciwon sukari, sai ga hawan jini, sai kuma wani ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Mai gyaran takalma ya koma ba ya iya sa takalmi. Likita bai ɓoye masa ba: in bai gyara cinsa ba yatsan zai tafi, kuma ba lallai abin ya tsaya a yatsa ba.

Autarsa ce ta ƙara hura wutar, ba da niyya ba. Ta zo shagon da wayarta tana karanto musu labarin mutanen da suka fi daɗewa a duniya: wasu a tsibirai, wasu a kan duwatsu, abincinsu wake ne da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da ɗan kifi, da ɗan mai kaɗan, kuma wai wasunsu tun kafin su ƙoshi suke tsame hannu.

"Kaka, ashe kai ɗan gayu ne ba mu sani ba!" in ji ta. "Baba, ka ji fa, abin da Kaka yake ci ne sak."

"Na ji, ba kurma ba ne ni," in ji Ƙarami.

Daga nan labari ya zaga layin. Mai shago, direba, har malamin makaranta, kowa sai ya tsaya ya tambayi Tsoho sirrin. Ƙarami yana can ciki yana buga ƙusa da ƙarfin da aikin bai buƙata ba. A gida ma bai tsira ba. Yana ganin yadda matarsa ke zama ta tsince ganyen surukinta ɗaya bayan ɗaya, sai ya ji kamar shi ba a taɓa yi masa wannan hidimar ba. Ita kuwa tukunya ɗaya take zuba musu. Nasa kwanon yakan dawo gida a rufe, domin a aljihun bencinsa, ƙarƙashin tsofaffin dunduniyoyi, akwai burodi da nama a takarda da kwalbar lemo. Kishi yake yi, kishi tsagwaronsa, da mutumin da ya haife shi. Yaya za a yi wanda bai taɓa jin daɗin duniya ba ya fi shi morar ta?

Har ya fara zargin akwai abin da ake sa wa tsohon ba a sa masa. Wata rana da Tsoho ya fita kai aiki, ya ja ƙafarsa zuwa kujerar ƙofa, ya buɗe kwanon silbar, ya tona da cokali har ƙasa. Wake ne da ganye. Ya ɗanɗana. Ko gishirin kirki babu.

"Ka samu abin da kake nema?"

Tsoho ne a bakin ƙofa. Ƙarami ya ji kunya, kunyar ta juye ta zama faɗa.

"Baba, ni dai a gaya min gaskiya. Kowa Tsoho, Tsoho. Ni da na ci mai kyau ga ni ina ruɓewa, kai da wannan abin kana tsalle. Ina adalci a nan?"

Tsoho ya wuce ciki, ya ja aljihun bencin kamar shi ya ajiye kayan, ya ɗauko naman. Ya kai hanci ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Kai kana tsammanin daɗi yake min? Shekara da shekaru kana ci a bayana, ƙamshin yana dukana, ina haɗiyar yawu. Da can babu ce ta hana ni. Da aka samu, ciki ya ƙi karɓa. Ni ma na yi kishinka, yaro, har na gaji."

Ya nannaɗe takardar ya miƙa wa Auta, wadda ta shigo ta tsaya sororo, ya ce ta fita da shi. Sannan ya zauna a kujerar ciki, wadda bai taɓa zama a kanta ba, ya dubi yatsan da ke naɗe da bandeji.

"Na binne mahaifiyarka. Na binne ƙannena duka. Abokaina ba wanda ya rage da zan ce masa ka tuna kaza. Wannan tsawon ran da kake ƙyashi, abin da ke cikinsa ke nan. Ban taɓa roƙonka komai ba, amma yau zan roƙa. Kai za ka binne ni. Kada ka bar min wannan aikin."

Ƙarami ya zauna a kujerar ƙofa. Wata mata ta leƙo da takalmi a hannu tana tambayar mai shagon, Tsoho ya nuna mata Ƙarami ya ce ta ɗan jira, mai shagon yana cin abinci.

Ƙarami ya ja kwanon silbar gabansa. Har yanzu babu daɗi, ko kaɗan. Ya share ido da bayan hannu, ya ƙara cokali.