Kafofin Iskar Baba Sada

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina kan tsani, cokalin siminti a hannu, aka bugo mini waya: Baba Injiniya Sada ya rasu.

Kuma aikinsa nake toshewa a kan tsanin.

Ga wanda bai sani ba, shi ya zana ofishin ƙungiyar manoma na Safana, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo, kowa na son gilashi da iyakwandishan. Shi ya ƙi. Ya yi bango mai kauri da baranda mai faɗi, tagogi kudu da arewa, ya bar kafofi ƙarƙashin rufi don zafi ya fita. Babana ya ce "Injiniyan zaure" ake ce masa, don ba'a. Ni dai na tashi na ga ko a bazara, in an ɗauke wuta, can ake zuwa shan iska.

Firamare kawai na yi. Baba Sada ne ya koya mini karanta zanen gini, da tsinke a ƙasa. Bai taɓa ce mini "har yanzu ba ka gane ba?"

Ya sha goya ni a babur daga garin Wagini zuwa wajen aiki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Batsari ce. Ba ya kiran ofishin da suna, sai ka ce ɗan fari. Ya riƙe hannuna ya ce, "Magini, ya wancan yaron na Safana? Yana numfashi dai?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba." Alhali na riga na karɓi aikin toshe kafofin, sababbin shugabanni za su sa iyakwandishan.

Ya ce, "Madalla. Gini in ka toshe masa hanci, dizal za ka yi ta ba shi har ka tsufa." Ya yi dariya. Ni ma na yi.



Bulon da na jera yau bai kama ba, na cire shi. Na jiya sun bushe. Na faɗa wa shugaban ƙungiya ba zan ƙarasa ba, ya ce akwai masu yi. Gaskiyarsa. Amma ba da hannun da Baba ya riƙe ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Yadda ka sanyaya mana inuwa, Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya buɗe maka iskar Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara.