Gaisuwar da Aka Katse wa Kakar Hadiza

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da 'yan sikawut na unguwar New Bell suka kawo mana ziyara barikin kwana-kwana ba. Lokacin ina saje, ina ƙarƙashin wani ajidan, wato mai muƙamin da ke sama da nawa, kuma shi ke kula da ɗakin waya. Ku da kuka shigo aiki daga baya ba ku same shi ba. Mutum ne mai son a gan shi, in baƙi suka zo har tafiyarsa canzawa take yi.

Malamarsu, Malama Asabe, ta kawo su cikin hutun damina, kowa da ɗankwalin sikawut a wuya. 'Ya'yan unguwarmu ne, na san iyayen yawancinsu. Na nuna musu mota da tiyo, na sa musu hular kwano, na bar su suka danna jiniya. Murna kamar ranar sallah.

Daga nan muka shiga ɗakin waya, inda ake karɓar kiran gobara. Gaskiya ne ana damunmu da kiran wasa, don haka ajidan ya kafa tasa dokar: wanda ya kira bai fara da faɗin gobara da wurinta ba, a kashe wayar. Babu wannan a horon da aka ba mu, shi ya ƙirƙiro abinsa.

Ya ce a yi gwaji. Aka ba wata yarinya, Hadiza, wayar malamarsu ta kira daga bakin ƙofa, shi kuma ya zauna ya ɗauka.

Ya ce da Faransanci, "Allô, pompiers," wato nan kwana-kwana ne.

"Salamu alaikum. Ina wuni, Baba? Ya aiki?"

Ƙit, ya kashe. Ya juyo yana dariya, ya ce da Faransanci, "Kun gani? Nan ba gidan suna ba ne. Mai gobara ba ya gaisuwa." Ma'aikatan ɗakin suka taya shi dariya.

Hadiza ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da wayar a hannu ta ce, "Ashe haka kuka yi wa kakata."

Malama Asabe ta yi mana bayani. Bara risho ya kama da wuta a gidansu da rana, maza duk suna kasuwar Mboppi. Tsohuwar ta kira, ta yi sallama, ta fara gaisuwa, aka kashe. Ta sake kira, aka sake kashewa. Ta shiga da kanta ta ɗauko jikanta jariri, hannunta ya ƙone, gidan kuma ya tafi ƙurmus.

Wallahi raina ya ɓaci. Tsohuwar da aka tarbiyyantar tun tana ƙarama a kan ba a roƙon baƙo sai an gaishe shi, ita ce mai wasa? Wuta na cin gidanta, amma ta ba ka girmanka, kai kuma ka saka mata da kashe waya! Ga yaran nan sun zuba mana ido, kuma na san abin da za su kai gida: kwana-kwana ba sa sauraron mutanen New Bell. Daga ranar ba mai sake kiranmu, sai dai a yi ta fama da bokiti.

Na ƙame na ce, "Mon adjudant, dokar nan taka ce ta ƙona gidan nan. Amsa sallama ba ta cin lokacin da sake kira ke ci."

Ya ce, "Saje, a gaban yara kake koya mini aiki?"

Na ce, "A gabansu ka yi dariyar."

Na karɓi wayar daga hannunsa, na ce wa Hadiza ta sake kira. Ta yi sallama. Na ce, "Wa alaikumus salam, 'yata. Ina wutar take?" Nan take ta faɗi lungun gidansu, da masallacin da ke kusa, da inda mota za ta iya shiga. Na ce wa yaran su koya wa tsofaffinsu haka: sallama, sai wuta, sauran gaisuwar a ajiye mana sai mun iso.

Hukuncina shi ne wankin motoci, sannan ya mayar da ni ɗakin waya, wai tunda gaisuwa nake so in je in ƙoshi. Ban yi baƙin ciki ba, don tun daga zamana a kujerar nan ba a sake kashe wa mai sallama waya ba.

Bayan 'yan makonni sai ga Hadiza da kakarta a bensikin, wato babur ɗin haya, hannun tsohuwar duk tabo. Ta ce a nuna mata shugaban ɗakin waya. Na kai ta gaban ajidan. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, na zo ne in ƙarasa gaisuwar da aka katse mini." Ta fara: ya aiki, ya gajiya, ya iyali, ya yara, ina fassara masa ɗaya bayan ɗaya don ba ya jin Hausa sosai. Ya tsaya ƙyam yana amsawa, idonsa a kan hannun nan, har ta gama.

Don haka ku da ke kan waya yanzu, in kun ji sallama, ku amsa, ku tambayi inda wutar take. Wanda ya gaishe ku gidansa na ci da wuta, ya riga ya ba ku fiye da abin da kuka ba shi.