Littattafan Malam a Kan Lagireto

Mun tashi daga Tambuwal ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina, kwamfuta rungume a cinyata. Mahaifinsa malami ne a Kebbe, tsufa da ciwo sun ci ƙarfinsa. An daɗe ana lallashinsa kafin ya yarda a ɗauki muryarsa yana ba da tarihin malaman gidansu, kuma ya ce sau ɗaya zai yi.

Hanyar Kebbe ba ta san darajar kaya ba. Kowane rami motarmu ta faɗa sai na ji ruwan da ke cikin kwamfutar ya motsa. Wata dattijuwa mai ƙwaryar nono da ke kusa da ni ta leƙa ta gilashin gefen akwatin kwamfutar, ta tambaya ko kifi nake kiwo a ciki.

Ni na haɗa injin nan, kuma ina taƙama da shi. Ruwa ke sanyaya shi kamar mota. Na ɗaura lagireton a rufin akwatin don zafi ya fita ta sama, famfon da ke tura ruwan yana ƙasa don kada iska ta shige shi. Fankokin kuwa na ɗaure su a kan juyi kaɗan, kada ƙararsu ta shiga muryar Malam. Na lissafa zafin gari da wutar sola. Zaure ne ban lissafa ba.

Bayan fura da gaisuwa muka jona kyamara. Aka kawo littattafan Malam cikin gafakarsu ta fata. Babu tebur, littafi kuma ba ya zama a ƙasa. Malam ya duba, ya ga babu abin da ya kai akwatina tsawo, sai ya ɗora su da hannunsa, daidai kan ramukan iskar lagireton.

"Ɗana, wanga abu naka ya yi amfani tun ba a soma ba," in ji shi.

Wa zai ce wa Malam ya sauke littafi a gaban almajiransa? Na ce a raina zai jure.

Malam ya fara jero wanda ya karantar da wane, daga kansa yana komawa baya. Ni kuwa idona na kan awon zafi yana hawa, fankokin na juyawa a hankali yadda na umarce su. Ana tsakiyar magana injin ya ɗauke. Abin da aka ɗauka bai ajiyu ba.

Da ya gama, ɗansa ya durƙusa ya gaya masa. Malam ya jingina da bango yana haki.

"Abin da nika iyawa ke nan. Wanda yaj ji, ya ji."

Mun kamo hanya bayan la'asar. Na koyi cewa kafin ka zaɓi inda lagireto zai zauna, ka fara ganin ɗakin da mutanensa, kuma ka bar fanka ta yi ihu idan zafi ya kai. Amma darasin bai rage mini baƙin ciki ba.

Muna shiga Tambuwal abokina yana ta maimaita sunayen a hankali. Ya zo wani wuri ya tsaya, ya juyo.

"Wa Baba ya ce bayan wannan?"

Ban sani ba. Lokacin awon zafi nake kallo.