Ranar da Goshin Baba Ya Koma Ƙasa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, mahaifinmu ya yi wata bakwai goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Wani zazzaɓi mai naci ne ya fara kwantar da shi, ya yi sati uku a asibiti. Da aka sallamo shi zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da ƙarfin ƙafafunsa. In ya durƙusa ba ya iya miƙewa sai mutum biyu sun kama shi. Aka samo masa farar kujerar roba, a kanta yake salla, yana sunkuyar da kai a madadin sujada. Wannan fa mutum ne da ya shekara arba'in yana sayar da rodi da siminti a Ƙofar Ruwa, kullum a ƙafa yake zuwa daga gidanmu na Ƙofar Mazugal, a ƙafa yake dawowa.

Ni a lokacin budurwa ce, na gama sakandare ina jiran sakamako, ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya da nake karɓowa haya. Duk abin da na sani game da ƙauna a cikinsu na koya. Mace ta durƙusa ta zuba wa mijinta ruwa, ta yi masa fifita, in ya yi tari idonta ya ciko da ƙwalla. Da wannan ilimin na shiga jinyar Baba. Kafin ya miƙa hannu ga buta na riga shi, kafin ya nemi hula na ɗora masa. Yayana, babban ɗansa, ya karɓi shago ya ce Baba ya gama wahala a duniya. A unguwarmu abin kunya ne a ga dattijo yana fama da kansa alhali yana da 'ya'ya. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, mu kuma muka ɗauka matsa masa ƙafa da man zafi ya wadatar.

Wata rana bayan la'asar ina shara a bakin ɗakinsa na ji yana magana da Umma, mahaifiyarmu, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, na san Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, malamai sun faɗa. Amma ina kewar ƙasa. Ba na so in koma ga Ubangijina daga kan kujerar roba."

Na koma ɗaki na sha kuka, har ina jin haushin yadda Umma ta yi shiru. A littafi da tuni ta faɗi a gabansa tana rantsuwa.

Washegari da aka kira azahar Baba ya ɗaga murya yana neman buta. Na zabura, sai na ji an riƙe min gefen zane. Umma ce.

"Zauna," ta ce da ni. Sannan ta juya wajen ɗakin. "Alhaji, butarka tana bakin ƙofa."

"Bakin ƙofa kuma? Ƙafa ta yi?"

"Ita ba ta yi ba. Kai ne mai ƙafa."

Ban taɓa jin Umma ta mayar masa da magana ba tunda aka haife ni. Baba ya kira sunana sau biyu, hannun Umma yana nan a zanena. Can muka ji ƙarar gado, muka ji tafin hannu yana bin bango. Taku biyar ne tsakanin gadonsa da ƙofa. Da ya iso gumi ya jiƙa masa riga, ya ɗauki butar ba tare da ya kalli kowa ba. Kwana biyu bai yi mata magana ba, sai dai tuwonta kam bai yi fushi da shi ba.

Na same ta a madafi na ce mata ba ta da tausayi. Ta amsa tana ci gaba da tankaɗe.

"Mu muka kwantar da mahaifiyata. Hannu kawai ta karye, muka hana ta ko ɗaukar kofi, wai ladabi. Shekara biyu tana kwance har Allah ya karɓi abarsa. Ba zan yi sau biyu ba. In kina son ubanki, ki mayar da hannunki baya."

Daga ranar buta ta fara tafiya. Ta bar bakin ƙofa ta koma gindin gwaiba, daga nan bakin rijiya, daga nan zaure. Rediyonsa ma ta tashi daga gefen filo ta koma kan taga ta can ƙarshen tsakar gida, kuma lokacin siyasa ne, Baba ba ya yarda shirin 'yan siyasa ya wuce shi. Da safe Umma tana tsintar shinkafa tana sa shi ya tashi ya zauna a bakin gado sau goma. Ta kife turmi a gabansa ta shimfiɗa katifa, ya riƙa durƙusawa yana dafa turmin yana miƙewa. Ta rage mai a miya, ta janye sukari daga koko, ta ƙaro wake da kwaɗon zogale.

"An mai da ni akuya a gidana," in ji Baba.

"Akuya ai tana hawa katanga, Alhaji. Allah ya kai mu."

Ranar da ya fara fita lungu da sanda, sai ga Yaya ya zo da motar wani kansila da ya yi wa kamfen, wai zai kai Baba masallacin Juma'a. Ya tarar da shi jingine da bangon maƙwabta yana haki. Ya shigo gida ransa a ɓace.

"Umma, me mutane za su ce? A ce muna raye Baba yana jan ƙafa a lungu?"

"Mutanen su zo su yi masa sujadar," ta ce. "Ka mayar musu da motarsu. In kana son lada, ka bi shi a baya, kada ka taɓa shi sai in zai faɗi."

Yaya ya fita yana ƙunƙuni, amma na leƙa ta zaure na gan shi yana bin Baba a hankali, hannayensa a buɗe kamar mai bin yaron da ya fara koyon tafiya.

An gama zaɓe a lokacin, amma fostocin 'yan takara suna nan manne a bangon unguwa, ruwan damina ya fara wanke musu fuska. Da su Baba yake auna tafiyarsa. Na kansila yana bangon gida na uku. Na ciyaman yana wajen mai shayi. Na ɗan majalisa yana jikin famfon unguwa, na gwamna kuwa sai an fita bakin titi.

"Yau ina aka kai?" Umma za ta tambaya tana karɓar sandarsa.

"Kansila."

"Kansila? Kamar kai, Alhaji? Ni ban auri kansila ba."

"To, uwar jam'iyya. Gobe sai ciyaman."

Sati biyu ya yi a ciyaman, don akwai benci a wajen kuma akwai abokan hira. Umma ta gano shayi yake sha a can, ta aika wa mai shayin cewa in ya ƙara zuba masa sukari ita da shi ne. Ranar da ya kai gwamna ya dawo da ƙullin farin goro a aljihu, ya ajiye mata a kan murfin kwano. Ta ɗauka ta ɗaure a haɓar zane. Na tsaya ina kallonsu. Na karanta wasiƙun masoya sun fi a ƙirga, babu wadda ta taɓa sa ni jin abin da ƙullin goron nan ya sa ni ji.

Amma tafiya daban, sujada daban. Har lokacin bai taɓa miƙewa daga ƙasa ba sai da turmi, kuma kujerar tana nan a kan dardumarsa.

Wata safiya aka kwana ana ruwa, gari ya waye fes, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gidan, ganyen gwaiba yana ɗiga. Da hantsi Baba ya yi alwala zai yi nafilar walaha a rumfar tsakar gida. Ina zaune da littafi a cinya na ga ya sa ƙafa ya ture kujerar gefe. Turmi yana can madafi, ana daka a cikinsa. Ya tayar da kabbara a tsaye. Ya yi ruku'u, ya ɗago. Sannan ya tafi ƙasa a hankali, gwiwa ɗaya, gwiwa ta biyu, tafukan hannu, sai goshi.

Ya daɗe a nan. Kafaɗunsa suna rawa, na san kuka yake yi. Umma ta fito bakin madafi da taɓarya a hannu ta tsaya cak, leɓɓanta suna motsi. Ya zauna, ya sake komawa sujada ta biyu. Saura tashi. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kafa ƙafar dama, ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara har inda nake, sai ga Baba a tsaye, shi kaɗai, doguwar farar rigarsa tana sauka a jikinsa.

Umma ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa. Ban taɓa sanin ta iya ba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

"A'a, Alhaji ne ya tashi!"

Baba ya ƙarasa raka'a ta biyu, ya yi sallama, ya juyo idanunsa jajur, ga shatin darduma a goshinsa.

"Hajiya, mutum yana salla kina guɗa? Kin raba min hankali."

Ta share fuska da bakin mayafi. "To ka sake wata mana, Alhaji, tunda yanzu ka iya."

Ya kuwa dafa ƙasa ya miƙe, ya sake tayar da kabbara.